Me ya sa wani jirgi ke sauka cikin hazo, wani ya juya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili kan ƙorafin da fasinjoji ke yawan yi, wai jirginsu ya juya saboda hazo alhali wani ya sauka a fili ɗaya. Ba jarumtar matuƙi ce ta raba su ba.

Na'urar ILS, wadda ake kafawa a filin jirgi, ita ce ke yi wa jirgi jagora wajen sauka. Siginar rediyo biyu take aikawa: ɗaya ta riƙe shi a tsakiyar titin sauka, ɗaya ta gangaro da shi, galibi a digiri 3. Matakanta uku. A na farko matuƙi zai sauko har ƙafa 200 daga ƙasa, muddin ana hangen mita 550 a kan titin. A na biyu ƙafa 100 da mita 300. A na uku kwamfutar jirgin ce kan sauke shi, wani lokaci da hangen mita 75 kacal. In matuƙi ya kai iyakarsa bai ga fitilu ba, babu wata shawara: ya ba inji wuta ya ɗaga, ya sake gwadawa ko ya nufi filin ko-ta-kwana, wanda tun kafin tashi aka sha man zuwansa.

Abu huɗu ke yanke matakin: filin, jirgin, matuƙan da izinin kamfanin, kuma mafi rauni a cikinsu ake bi. Fili mai mataki na uku ba ya amfanar jirgin da na'urarsa ta auna tsayi da rediyo ta lalace, ko matuƙin da wa'adin horonsa ya wuce. Shi ma filin, in wuta ta ɗauke, dole ta ajiya ta karɓi manyan fitilu cikin daƙiƙa ɗaya.

Jinkirin ma da dalilinsa. Jirgi ko mota kusa da eriyar ILS na karkatar da sigina, don haka ake tsayar da masu jiran tashi can baya, a ƙara tazara tsakanin masu sauka.

Amma abin da aka fi mantawa shi ne, a ƙasa ma hazo na yin mummunar ɓarna. Ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Spain, jirgin kamfanin KLM ya fara gudun tashi ba izini, na Pan Am na kan titin, suka yi karo; mutum 583 suka rasu. A filin jirgin Linate na birnin Milan, ranar 8 ga Oktoba 2001, ƙaramin jirgi ya ɓata hanya ya faɗa gaban na SAS, aka rasa mutum 118, kuma filin ba shi da radar ƙasa (mai nuna wa hasumiya motsin jirage a ƙasa) mai aiki a lokacin.

Saboda haka duk hukumar da za ta sayi ILS, ta haɗa da radar ƙasa da jajayen fitilun tsayawa a bakin titi, waɗanda matuƙi ba ya tsallakawa suna kunne ko da hasumiya ta ce ya wuce.

Na gode.

Daga wani mai karatunku