Zuwa ga Bagobirin Ikko

Salamu alaikum mutumina,

Ka yi shiru na yi shiru, har Hajiya ta fara tambaya ko faɗa munka yi. Na ce mata a'a, mutumin ya samu danginshi Yarbawa ne ya manta da talakawan Gusau. Ya su Maman Ummi da yara? Wai bikin Nura za ka zo da gaske, ko irin zuwan bara ne? Faɗa mini tun yanzu in san ko za a share ɗakin zaure.

To abin da ya hana ni haƙuri har na ɗauko waya, Bitil ɗin Baba, tsohuwar motar Volkswagen ɗin nan, ta tashi. Da makulli fa, ba turi ba! Ka dai tuna yadda take yi, ka murɗa ta ce wuuu... wuuu... sai ta yi tsit, mu kuma mu tuɓe takalma mu tura ta har bakin masallaci, kai kana riƙe da ƙofa kana nishin ƙarya kamar kana turawa. Balle da hunturu in baƙin mai ya yi kauri. Tun rasuwar Baba take cikin rumfa, bana na ce ko dai a tashe ta ko a bar kaji su gaje ta gaba ɗaya.

Rigimar daga Yaya Sani ta faro, ka san shi, bai taɓa ganin abin da bai iya ba. Wai ciwonta ɗaya ne, batir mai bolt 6 ba shi da ƙarfi, a sa mata mai 12 a huta. Ya ciro batir ɗin Golf ɗinshi ya jona, sitata ta yi wata ƙara ta doki fulawil, faifan nan mai haƙora da take juya inji da shi, ƙwas, injin kuwa ya kama, shi ke nan ya fara zagaya rumfa yana gyara hula. Sai ya ja fitila don ya nuna mana, ƙwan ya yi wal ya mutu nan take. Ya ce dama tsoho ne.

Ita motar ƙirar 1965 ce, komai nata na bolt 6 ne tun daga kwayil har hon, don Volkswagen sai a ƙirar 1967 sunka fara mayar da Bitil kan 12, alhali Amurkawa sun koma tun tsakiyar shekarun 1950, Ford ma a 1956. Waɗanda anka riƙa haɗawa nan garinku daga 1975 ai ƙannenta ne na baya can.

Da na ƙi yarda sai ɗanshi Abba ya zo da tashi fatawar daga YouTube, wai masu tsofaffin motoci a Amurka batir mai bolt 8 suke sawa, gida huɗu maimakon uku, ba ya ƙona kaya kuma sitata na jin daɗi. Gaskiya ne ana yi, amma yaron rabin karatun ya ɗauko. Dinamon motar bolt 7 da 'yan kai yake bayarwa, shi kuwa batir mai 8 sai ya samu 9 da wani abu kafin ya cika, kenan ko dai ka taɓa kat'awut, mai daidaita wutar da dinamo ke bayarwa, ka ɗaga shi, fitilu da waifa da kwayil su zauna kullum suna shan wutar da ta fi ƙarfinsu, ko ka bar shi yadda yake batir ya yi ta zama da yunwa har ya mutu kafin lokacinshi. Kuma ina za ka ga batir mai 8 a Gusau don Allah?

Ƙarshe na je na ɗauko Malam Ɗanjuma mai wayarin, yana nan da ranshi, idon ne dai ya rage. Bai ce da kowa komai ba, ya ɗaga kujerar baya ya leƙa batir, ya kama wayar da ke zuwa sitata ya murza ta tsakanin yatsu ya yi tsaki. Ashe wani ya taɓa canja ta da siririyar wayar motocin yanzu, kan batir kuma duk ya yi farin gari da kore. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙasa, ya fito da wata saƙaƙƙiyar waya mai haɗa giyabos da bodi, rabinta ya tsinke, sauran ya daskare da mai da ƙasa. Ya sa mita, batir na nuna 6.3 lafiya lau, amma ana murɗa makulli abin da ke isa sitata da ƙyar ya wuce 4. Ya ce in taɓa wayar, na taɓa na janye hannu. Ya ce to ɗana, ga ƙarfin da kuke nema nan yana dumama waya.

Bayanin da ya yi mini har yau ina juya shi. In bolt ya zama rabi, to wutar da za ta bi waya sai ta ninka kafin a yi aiki iri ɗaya, shi ya sa motocin bolt 6 ke zuwa da waya mai kaurin babban yatsa, kuma ɗan tsatsar da motar 12 ba za ta ko ji ba ita wagga sai ya durƙusar da ita. Kamar mai lambu ne ya ga ruwa na fita tsil-tsil ya tafi sayen babban inji, alhali tiyo ne ya lanƙwashe. Munka sayo kebul wajen masu walda, ya yi mashi kai da dalma, ya goge duk mahaɗa da sanfefa har sunka yi ƙyalli ya shafa giris, ya canja bush ɗin sitata, ɗan zoben da ke riƙe sandarta cikin giyabos, sannan ya ɗaura rile, ɗan makunnin da ke ba ta wuta kai tsaye daga batir, kusa da sitata, don a da wutar makulli sai ta je gaba ta dawo baya kafin ta iso. Ya saita kwantak da fulogi. Murɗa ɗaya mutumina, Hajiya ta fito tsakar gida tana salati.

Af, kafin in manta, Bala ya sayi Keke Napep kuma ya rubuta sunan budurwar a baya, wadda ta riga ta yi aure a Ƙaura tun kafin azumi, kowa ya sani ban da shi ko kuma ya sani yana ƙarfin hali. Lawali an ƙara mashi girma, yanzu gaisuwa ma sai da kai yake amsawa. Hanyar Tsafe kuwa sai addu'a, ba mai kama ta in la'asar ta yi, Allah ya kawo mana sauƙi.

Kar ka ce na haramta bolt 12. In mutum zai riƙa hawa kullum, yana son fitila mai haske da cajin waya, ya mayar da ita, amma ya yi aikin duka, dinamo ko altaneta, kat'awut, kwayil, kowane ƙwai, hon, injin waifa. Sitata ma da magana, fulawil na 6 haƙora 109 gare shi, na 12 kuma 130, ba sa shiga juna. Wanda ya bar tsohuwar sitata yana ɗirka mata 12 za ta yi ta tashi da gudu tana cin haƙoran nan a hankali, ran da sunka ƙare sai an sauke inji. Ni dai tawa ta Juma'a ce da hawan sallah, a bar mini ita yadda Baba ya bar ta. Yaya Sani har yanzu cewa yake shi ya buɗe mata murya da batir ɗinshi, Malam Ɗanjuma ƙarasawa kawai ya yi.

Yanzu ga aikinka. Batir ɗin da ke ciki ya tsufa, na sa an duba kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ba a dace ba. Ka shiga kasuwar Ladipo ka nemo mini mai bolt 6 na tada mota, ba na sola ba, ba kuma ɗan ƙaramin nan na babur ba. Zan turo maka awon wurin ta WhatsApp, kar ya yi tsayi, don in ƙarfen kujera ya taɓa kan batir gobara ce, in da murfinshi ma ka haɗo. Kuma ka kira ni kafin ka biya, na san cinikinka, ana cewa dubu goma kana cewa Allah ya sa albarka.

Ka gaida Ummi, ka ce Baffa na nan da alkawarin tsiren Tudun Wada.

Naka,
Mamman