A daina matse wa babur kafireta da sunan tsimin mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin mu, makanikan babura, mu ja hankalin masu babura kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Da fetur ya yi tashin gwauron zabo, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun jingine motocinsu sun koma kan babur, kuma duk wanda ya shigo gareji maganarsa ɗaya ce: a rage masa shan mai. Shi kuma makanike, gudun kada mai kaya ya tafi wurin wani, sai ya ɗauki sukundireba ya matse kafireta, ko ya sauke allurar totur, wani ma har jet, wato 'yar kafar da fetur ke bi a cikin kafireta, yake canzawa ya sa ƙarami. Mai babur ya tafi yana sa albarka. Bayan wata uku ko huɗu sai ga shi ya dawo yana turawa.

Baburan da muke hawa, Boxer ne ko Jincheng ko Haojue ko roba-roba, ba su da lagireto. Iska ce ke sanyaya injin, sai baƙin mai, sai kuma shi kansa fetur ɗin da ke shiga silinda. Inji yana son kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur, in an auna da nauyi. Idan aka rage fetur iska ta yi rinjaye, kan silinda yana ɗaukar zafi fiye da kima. Abin da ke fara tafiya shi ne bawul ɗin da hayaƙi ke fita ta kansa: bakinsa ya ƙone, ya daina rufewa ruf, ƙarfin inji ya zube. Daga nan fistin ya kumbura ya fara gogar jikin silinda, baƙin mai ya tsinke saboda zafi, wata rana ana cikin gudu a tsakiyar titi inji ya kama. A zafin watan Afrilu, da goyo a baya, abin ba ya ɗaukar lokaci. Kuɗin fistin da ringi da bawul da gyaran silinda ya ninka abin da aka yi tsiminsa a fetur sau da yawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Babur ɗin da aka matse ba ya ɓuya. Da safe ba ya tashi sai an ja cok, ko da ba sanyi ake yi ba. In an murɗa totur sai ya ɗan shaƙe kafin ya ɗauka, in an saki kuma salansa ta riƙa harbi. Wanda yake so ya tabbatar, ya yi tafiya mai ɗan nisa, ya bari injin ya huce, ya kwance fulogi ya duba farin tangaran ɗin da ke tsakiyarsa. In launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, kamar shayin da aka sa wa madara, komai daidai yake. In ya yi fari fat, ko ya yi ƙananan ƙuraje, inji na cikin yunwa. In baƙin toka ne busasshe, mai ya yi yawa. In kuwa baƙi ne mai maiƙo, ba laifin kafireta ba ne, ringi ko robar bawul ce ke sakin baƙin mai. Tun da fulogin yana hannu, a auna tazarar bakinsa, milimita 0.6 zuwa 0.7 ake so, kuma a tabbata lambarsa ce ta injin. Yawancin roba-roba C7HSA suke sha, masu inji irin na CG 125 kuma D8EA.

Mayar da kafireta daidai ba wani aiki ba ne. A bari inji ya yi ɗumi, a murɗa ƙaramin sukurun gefe ciki a hankali har ya taɓa ƙarshe, ba tare da an danna shi ba, domin bakinsa tsini ne da saurin lalacewa. Sai a dawo da shi baya zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, a riƙa ɗan juya shi har a sami inda inji ya fi sauti mai kyau ba tangarɗa, sannan a daidaita silo da ɗaya sukurun, wajen juyi 1,400 a minti. Akwai abin da ke rikita yaran gareji a nan: in sukurun yana ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, sassauta shi yana rage mai, in yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, sassautawa ƙara mai ne. Allurar totur kuma a mayar da ƙugiyarta gurbin da kamfani ya sa, galibi na tsakiya.

To ina man yake tafiya, in ba a kafireta ba? Mafi yawan babur ɗin da ake kuka da shi, matatar iskarsa ce ta toshe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu tana iya cika ta cikin mako biyu, inji ya kasa shaƙar iska ya koma zuƙar fetur. In ta soso ce, a wanke da kananzir, a matse a tafin hannu ba tare da an murɗe ta ba, a shanya a inuwa, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a mulmule har ya game ta, a matse rarar. In ta takarda ce, ruwa ko kananzir ba sa taɓa ta. A kakkaɓe, in ta yi duhu a sayi sabuwa. Masu cire ta gaba ɗaya wai don babur ya yi gudu, yashi suke ɗura wa silinda.

Sai iskar taya. Ƙafa ko yatsa ba sa auna iska, a sa mai faci ya ɗora ma'auni: psi 25 a gaba, 28 a baya in mutum shi kaɗai ne, 32 in da goyo ko kaya. Tayar da ta yi sanyi tana jan babur baya, tana cin gefenta, tana kuma tsinke bakin tiyub. A kafa babur a jak ɗin tsakiya a juya kowace taya da hannu. In ta tsaya nan take, birki na kamawa ko boris ya mutu, kuma duk a tanki ake biyan kuɗin. A duba ƙarƙashin kafireta da safe: in ƙasa ta jiƙe da fetur, allurar da ke tsayar da mai ta gaji, a canza ta, a kuma saba da rufe makunnin mai in an ajiye babur. Bawul ma yana da hannu. Ana saita shi ne inji na sanyi, milimita 0.05 a yawancin ƙananan injuna, 0.08 a irin na CG. Saita shi da reza, kamar yadda aka saba, kintace ne kawai, domin reza ta fi hakan kauri. Kuma bawul mai ɗan ƙara ya fi wanda aka ɗaure ya yi tsit, shi wannan ƙonewa yake yi.

Tsimi na biyu da ke kashe injuna shi ne na juye. Duk baƙin man da ke cikin irin waɗannan injuna bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi ɗin ne ke yi wa fistin da giya da kuloci hidima a lokaci guda. A ƙurarmu da zafinmu, kada a wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba a juye ba. Sabon babur kuwa a yi masa na farko a wajen kilomita 500, domin fitar da ɓarɓashin ƙarfe. Wanda mitarsa ta mutu (kuma Allah kaɗai ya san yawan mitocin da ke aiki a garin nan) ya lissafa tafiyarsa ta yini ya sa wa kansa rana. A sayi 20W-50 a rufaffiyar roba, a nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, domin wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. A juye inji na da ɗumi, a duba woshar notin ƙasa, kada a ɗaure shi da ƙarfin tsiya har zaren ya tafi. Akwai 'yar rariyar ƙarfe da ke tace man, a fito da ita a wanke lokaci zuwa lokaci. A shafa tsohon man a yatsa biyu a duba a rana: in yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu na cinyewa a ciki, in ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, wanda yakan faru da damina in an kutsa kududdufi, sai a juye a ranar. Ciko kan tsohon mai ba juye ba ne.

Sarƙa kuwa tana son wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. In an ɗaure ta tamau, tana cin boris ɗin da ke bayan ƙaramin sufuroket, in ta yi sakwa-sakwa tana iya zamewa ta kulle taya. A daidaita notin jan taya na hagu da na dama a kan layi ɗaya, in ba haka ba taya ta karkace. A sa mata man giya mai lamba 90 duk bayan kilomita 500, ba giris ba, shi yashi yake tarawa. A bar mata murfinta. Don a san ta gaji, a kama ta a bayan babban sufuroket a jawo: in ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, ta gama aiki. A canza ta tare da sufuroket biyun. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Makullin mahaɗarta kuma rufaffen bakinsa ne ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya.

Sauran tsimin yana hannun mai tuƙi. Murɗa totur a tsaye a danja, ɗora yatsu a kan kuloci ana tafiya, jan giya ta biyu har inji na kuka, fizga da taka birki a kowane lungu, duk fetur ne ake zubarwa. Babur mai cc 100 zuwa 125 ya fi sauƙin sha a giyar ƙarshe, a gudun kilomita 40 zuwa 55 a awa.

Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu makanikai su daina biye wa masu cewa a sassauta birkin gaba don wai yana kayarwa. Shi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin tsayawa. Abin da ke kayarwa shi ne cafkarsa farat ɗaya, musamman a yashi ko a kwana. A bar wa hannunsa wasan santimita 1 zuwa 2, na ƙafa 2 zuwa 3, a koya wa mai babur matsa su tare a hankali. Madubin da aka cire ranar da aka fito da babur daga kwali a mayar da shi. Hular kwano ma, tun Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta, amma har yau ta fi zama a kan tanki ko a gwiwar hannu, in ma an sa ba a ɗaure igiyar haɓa ba.

Mun gode da wannan dama. Wassalam.

Daga wasu makanikan babura,
Kano.