'Ya'yanmu na gani, su ma suna cikin damuwa

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili. Matasa da yawa sun san iyayensu mata na shan ƙwayar tazarar haihuwa ko allurar nan ta wata 3, sun ga katin asibiti ko ƙwayar a jaka, sai yarinya ta ga mamanta na fama da ciwon kai ko jinin al'ada ya rikice mata, hankalinta ya tashi amma kunya ta hana ta magana. Ni dai a ganina ba hurumin ɗa ba ne ya ce a sha ko a daina, wannan tsakanin Mama da Baba ne. Amma cewa "Mama ko za ki koma wajen likita ne?" ai ba rashin kunya ba ne, musamman in tana da hawan jini, don ƙwayar da ke da sinadarin estrogen ba ta dace da mai shi ba. Iyaye kar ku hantare su don Allah.

Wata uwa