Zuwa ga Iyaye: Aikin Hutun Bana, Zaga Tsohon Gari a Ƙafa

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali, muna godiya bisa haɗin kan da kuka ba mu a zangon da ke ƙarewa. Magana ɗaya wasiƙar nan ta ɗauko, wato aikin hutun da malaman tarihi da na labarin ƙasa suka haɗu suka ba yara. Aiki ne da ba zai yiwu ba sai da hannunku, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu, tun kafin yaro ya iso gida ya ce Malam ya ce a kai shi yawo.

Abin da muke so shi ne kowane ɗalibi ya zaga tsohon ɓangaren wani gari mai tarihi, a ƙafa, tare da babba. Ba mu zaɓa muku gari ba. Wanda kuke zaune a ciki ya yi, wanda za ku je hutu ma ya yi, muddin yana da unguwannin da suka girmi kakannin yaron. Sharaɗinmu guda ne: a ajiye abin hawa a bakin unguwa, a shiga da ƙafa.

Mun san wani zai ce, to, in gine-gine ake so a gani, ai a mota ma ana ganinsu, kuma an fi ganin da yawa. Gaskiya ne an fi ganin da yawa. Sai dai mota baƙuwa ce a waɗannan wurare. A 1886 Karl Benz ya yi wa motarsa ta farko rajista a Jamus, alhali garuruwan da muke magana a kansu sun riga sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Waɗanda suka shata lungunansu da faɗin dabba mai ɗauke da kaya suka auna, kuma duk abin da suka so a gani, rubutu a saman ƙofa ne, zane a bango ne, daidai idon mai tafiya suka sa shi. Tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko har gobe mota ba ta shiga yawancin lungunansa, jakuna da alfadarai da amalanke ne ke dakon kaya. Wanda yake son ya ga masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, dole ya taka ƙasa, ko shi wane ne.

Misalin da malamai suka fi daɗewa a kansa a aji shi ne titin Mu'izz na tsohuwar Alkahira. Fatimiyyawa ne suka kafa birnin a 969, kuma titin nan shi ne ƙashin bayansa. Daga ƙofar arewa, Babul Futuh, wadda aka gina a 1087, zuwa ƙofar kudu, Bab Zuwaila, ta 1092, tafiyar ba ta wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Mai sauri zai ratsa ta cikin minti ashirin ya ce ya gani. Mai tafiya a hankali kuwa zai iso ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125, ya lura cewa fuskarsa ta bi layin titi, amma da an shiga ciki sai ginin ya karkata ya dubi alƙibla. Magina sun yi wa titi biyayya, sun kuma cika hakkin salla, duk a gini guda. Zai kuma lura cewa gangarawa ake yi kafin a kai bakin ƙofar, domin a tsawon shekaru ƙasar titi ta tashi ta bar masallacin inda yake. Gaba kaɗan ga ginin Sarki Ƙalawun na wajajen 1285, inda makaranta da asibiti da hubbare suke wuri ɗaya. Ga kuma sabil, wato gidan ruwan sadaka, na Abdurrahman Katkhuda na 1744, inda a da ake ba masu wucewa ruwan sha kyauta a ƙasa, yara kuma suna karatun Alƙur'ani a sama. Idan aka ƙarasa Bab Zuwaila aka ɗaga kai, hasumiyoyi biyun da ke kanta ba tare da ƙofar aka gina su ba, na masallacin Sarki Mu'ayyad ne, an ɗora su bayan sama da shekara 300. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a sa shi haddar cewa daula tana zuwa bayan daula.

Ba cewa muke sai kun kai yara Masar ba. Irin wannan kallon muke so su koya, su kuma gwada shi a duk garin da ƙafarsu ta taka, domin tsofaffin garuruwa suna da halaye iri ɗaya ko da nisa ya raba su.

Ɗauki ganuwa. Garuruwa da dama sun rushe tasu da suka bunƙasa, amma sawunta bai ɓace ba. A Biyana, babban birnin Ostiriya, Sarki Franz Joseph ya ba da umarnin rushe ganuwa a 1857, aka shimfiɗa babban titi mai kewaya tsakiyar gari a gurbinta. Saboda haka idan kuka ga titi yana lanƙwasa ba gaira ba dalili, ko wata mahaɗa da ake kira ƙofar kaza alhali babu ƙofa, ku tsaya ku tambayi yaro me yake zaton ya taɓa kasancewa a nan. A Rum, babban birnin Italiya, akwai dandalin Nabona, dogo mai kai a zagaye, wanda siffarsa ta filin wasan da Sarki Domitian ya gina ce a ƙarni na farko. Filin ya tafi, gidaje sun hau kan mazaunin 'yan kallo, siffa ta zauna.

Sunayen tituna da unguwanni ma shaida ne, kuma su ne mafi sauƙin tarawa ga ƙaramin yaro. A da masu sana'a ɗaya wuri ɗaya suke zama. A Alkahira akwai Nahhasin, wajen maƙeran tagulla, da Khayyamiyya, wajen masu ɗinkin tanti, daura da Bab Zuwaila. Sau da yawa sana'ar ta mutu ko ta ƙaura, suna kaɗai ya rage yana ba da labari. Ruwa kuma a neme shi: rijiya, kogi, tsohuwar magudana. Ba a kafa gari inda babu abin sha, kuma wanda ya gano ruwan gari ya kusa gano dalilin kafuwarsa.

Akwai darasi ɗaya da muke so manyan ɗalibai musamman su riƙe. Ba duk abin da ya yi kama da tsoho ne tsoho ba. Tsohon garin Warso na ƙasar Foland an ragargaza fiye da kashi 85 cikin ɗari nasa a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen garin suka sake gina shi bayan yaƙi, har da taimakon zane-zanen da Bernardo Bellotto ya yi a ƙarni na 18, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, tana sane da cewa sabon gini ne. Don haka yaro ya saba da tambayar yaushe aka gina, yaushe aka gyara, wa ya faɗa. Idan mai rakiya ya ba da shekara, allon da ke bango ya ba da wata, a rubuta duka biyun a kawo aji. Irin wannan saɓanin shi malaman tarihi suka fi so.

Yanzu sai abin da ya shafe ku kai tsaye. Shawararmu ita ce kada ku cika wa yaro ido. Wuri uku da aka tsaya aka duba sun fi goma da aka wuce a guje, kuma ƙananan yara da wuya hankalinsu ya wuce sa'a biyu. Ku fita da sassafe ko da yamma, gwargwadon yanayin inda kuke, da takalmin da ƙafa ta saba da shi, da ruwan sha. Ku ba yaro dama ya ja gaba wani lokaci, ya zaɓi lungun da za a bi, ku dai ku riƙe hanyar komawa. Ba sai kun san tarihin wurin ba. Uba ko uwa da suka ce ban sani ba, mu tambaya, sun koyar da abin da muke nema. Waya kuwa a bar ta a aljihu sai an gama kallo da ido, don mun lura yaron da ya fara da ɗaukar hoto ba ya tuna komai sai hoton.

Ku tuna musu cewa tsohon gari gidan mutane ne. Ƙofar da ta burge su, a bayanta akwai iyali. A yi gaisuwa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a leƙa gida, a bi dokar kowane wurin ibada ta fuskar sutura da takalmi da lokacin shiga, ko na addininku ne ko ba naku ba. Kada a hau bango, kada a rubuta suna a jikinsa, kada a ɓalli komai a ce na tunawa ne. A lungu mai cunkoso a riƙe hannun ƙananan, kuma kowane yaro ya san inda zai tsaya in an rabu. Ginin da ya tsage ko aka killace, a kalle shi daga nesa.

Abin da ɗalibi zai kawo bai da yawa. Taswirar hanyar da ya bi, wadda ya zana da hannunsa, ko da ta karkace. Zanen abu ɗaya da ya ja hankalinsa, ƙofa ce, taga ce, hasumiya ce. Sai tambaya ɗaya da ya yi wa wani dattijo mazaunin unguwar, da amsar da aka ba shi, ba tare da rubuta sunan mutumin ba. 'Yan manyan azuzuwa za su ƙara da shafi ɗaya a kan abin da suka gani ya canza a wurin da kuma alamar da ta nuna musu haka. Muna roƙon kada a kwafo musu bayani daga intanet, kada kuma a yi musu zanen. Malamai suna gane hannun iyaye.

Ɗalibin da tafiya mai nisa ke masa wuya, ko iyalin da ba su da halin fita, a tuntuɓi malamin aji kafin a tafi hutu, za a tsara abin da ya dace, ko gajeriyar hanya ko a haɗa yaro da wani iyali bisa yardarku. Za a karɓi aikin a makon farko na komawa, kuma za mu kafe taswirorin a bangon ɗakin taro domin ku gani idan kun zo taron iyaye da malamai.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo mana da yara lafiya.

Naku,
Shugaban Makaranta,
a madadin malaman tarihi da labarin ƙasa