Yaya, a karanta wa Inna wannan

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya jikin Inna, ya kuke fama da zafi?

Maganar da Gwaggo ta kawo gida ta iso ni, wai an gan ni a bidiyo cikin 'yan zanga-zanga ranar makaranta, wai ko na bar karatu ko an kore ni. Wallahi ba haka ba ne, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne Inna ta kwana tana kuka a kai. Ranar babu makaranta kwata-kwata. Kwalejinmu ta Glendale duk ranar 24 ga Afrilu a rufe take, tun 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ta wannan damar, a 2022 kuma aka yi wata ta ware ranar a duk jihar don tunawa da kisan ƙare dangi.

Garin nan cike yake da Armeniyawa, shaguna ma da rubutunsu ake sa allo, rabin 'yan ajinmu su ne. Ranar 24 ga Afrilu 1915 gwamnatin Daular Usmaniyya ta Turkawa ta kame malamansu da marubutansu da manyansu a Istanbul, daga nan aka shiga kwashe mutane daga garuruwansu, maza a kashe, mata da yara da tsofaffi a kora su a ƙafa zuwa hamadar Siriya wajen Deir ez-Zor, yunwa da ƙishirwa suka gama da su a hanya, ana cewa sun kai mutum miliyan 1.5. Turkiyya har gobe ba ta yarda kisan ƙare dangi ne ba, tana cewa yaƙi ne ya ci kowa, Amurka ma sai 2021 shugabanta Biden ya amince da shi a hukumance. Shi ya sa duk shekara suke tattaki zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Turkiyya a Los Angeles.

Eh na je, ba zan ɓoye ba. Yaron da ya samo min ɗakin da nake ciki kuma ya tsaya min a wajen aiki, kakar babarsa tana ƙarama ta yi wannan tafiyar, ita kaɗai ta rayu a gidansu. Ya ce in raka shi, Yaya da wane ido zan ce a'a? Na ga wata tsohuwa a keken guragu ta rungume hoton iyayenta, tuta mai ja da shuɗi da ruwan lemo a cinyarta, ba ta ihu ba ta komai, hawaye kawai. Ga sabon ciwo kuma, a 2023 sama da mutum 100,000 nasu suka gudu daga Karabak, yankin da suke rikici da ƙasar Azarbaijan a kansa. Na san Kawu zai ce me ya kai Musulmi taron Kiristoci, ka gaya mishi ta'aziyyar maƙwabci na je, sun san ni Musulmi ne babu wanda ya kalle ni banza, sallata ma a kan lokaci na yi. Babu faɗa, babu kame, takarduna lafiya lau.

To batun kuɗi. Na turo N300,000 ta akawun ɗinka, ka duba. Maganin Inna na wata biyu shi ne farko, a sayi na kemis ɗin da likita ya rubuta, kar a sayi na bakin kasuwa don sauƙi. Sai kuɗin makarantar Auta, ka kai da hannunka ka karɓo rasit, kar ka ba shi a hannu, na ji labarin yawon da yake yi da dare da masu babur kuma raina bai so ba. Ni nan da safe aji, da yamma wanke-wanke a kicin, don ya yi karatu nake yi, ka faɗa mishi haka. Abin da ya saura a sayi buhun masara, a ba Gwaggo wani abu duk da haka.

Na san bai kai na wancan watan ba, an ƙara kuɗin haya kaɗan, amma ba wani abu ba ne, ina ci ina sha alhamdulillah. Kunya nake ji Sallah ta sake wucewa ba na gida, kai kaɗai kake ɗauke da komai, Allah ya saka maka.

Don Allah Yaya kuɗin Auta kar ya bi ta hannunshi, kuma ka turo min hoton rasit. Ran Juma'a bayan masallaci ka kai wa Inna waya, ina so ta ji daga bakina. A gaida Kawu da su Gwaggo da yara.

Ƙaninka.