Wasiƙa daga Shi'an

Kabiru na Hajiya,

Salamu alaikum. Ya gida, ya Maman Ummi da yara? Na san kana can kana yi da ni wai na shiga Caina na manta da mutane. Wallahi masu kamfanin nan ne suka ja min rai, kayan da suka ce sati ɗaya yau sati uku ke nan, zaman Gwanzu ya ishe ni, shi ne Alhaji Ƙarami ya ce mu hau jirgin ƙasa mu je Shi'an mu ga sojojin yumɓu.

Kai Kabiru na ga abu! Wata rumfa ce kamar ma'ajiyar jirgin sama, tsawonta ya kai mita 230, ka leƙa ƙasa ga su nan sahu-sahu kamar sallar idi, kowanne tsayin mutum kuma kowa da kamanninsa, wani da gashin baki wani ya tufke gashi a gefe, har da dawakai. Akwai wani mai kumatu ya ɓata rai, na rantse kai ne ranar da Bala ya cinye ka a dara. Wani sarki ne Cin Shi Huwang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka gina su wai su yi gadinsa a kabari, ana ƙiyasin sun kai 8,000. Kuma ka san wa ya gano su? Manoma ne masu haƙa rijiya a 1974. Baba rijiya uku ya haƙa a gonar nan ko laima bai gani ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai, yawancinsu a farfashe aka tono su, can baya za ka ga waɗanda ake kan harhaɗawa gutsure-gutsure, wani ba kai wani ba hannu. Da fentinsu ma aka binne su, iska na taɓa shi sai ya ɓare. Kabarin sarkin kuwa har yau ba a buɗe ba, tudu ne kawai, an ce akwai kogunan zaiba a ciki.

Cikin gari ganuwarsu na nan tsaf, kusan kilomita 14, har keke muka tuƙa a kanta, na tuna badalarmu na yi shiru. Babban masallacinsu kuwa sai da muka wuce shi, rufin irin nasu ne, ba don rubutun Larabci ba da ban yarda ba. Unguwar Musulmi aka ba mu wata gurasa mai tauri aka ce kowa ya marmasa tasa da hannu kafin a zuba romon rago, Alhaji ya yi gaggawa ya yi manyan gutsure mai abincin ta yi ta masa dariya.

Af, wai da gaske ne an ɗaga bikin Sani? Akwai ma abin da na so tambayarka tun farko ya shige min. Ka dai gaya wa yaron shago kar ya ba kowa bashi sai na dawo.

Naka,
Auwalu