Wasiƙa daga Jidda: maganar idon Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Baba da Inna da iyalinka duka. Na ji an gama yankan gero an shiga roron wake, Allah ya sa albarka. Mu ma nan Jidda lafiya lau, sai zafi da kewar gida.

Na rubuta ne maimakon saƙon murya don ina so ka zauna da Baba a zaure bayan la'asar ka karanta masa a tsanake.

Wata biyu da suka wuce aka kai mu gwajin lafiya daga wurin aiki. Likitan ido ya sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta huro min iska a ido. Ya sake gwadawa, ya yi shiru. Ya ce awon ƙarfin ruwan ido a mai lafiya ba ya cika wuce 21, nawa na dama 28 ne. Aka sa ni leƙa cikin wani abu kamar ƙwarya, in danna maɓalli duk sanda na ga ɗigon haske. Na gefe da yawa sun wuce ni ban sani ba, ni da nake tuƙi kullum, ban taɓa jin ko ƙaiƙayi ba. Sunan ciwon glakoma, wanda a gida ake cewa hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ba ya samun hanyar fita sosai, sai ya riƙa danne jijiyar gani a hankali. Daga gefe yake fara ci, shi ya sa mutum ba ya farga. Abin da ya ci kuwa ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage.

Da ya tambaye ni ko akwai makaho a danginmu, Kaka ne ya faɗo min a rai. Ka tuna ni nake riƙe masa sanda zuwa masallacin Juma'a. Idonsa garau yake, babu yana babu hakiya, amma tun kafin ganin ya tafi gaba ɗaya yana yawan buge kafaɗa a ƙofar zaure, yana tuntuɓe da buta. Muka ce tsufa ne. Wallahi a mota na zauna na yi hawaye. Likitan ya ce ciwon yana bin jini. Don haka Yaya, kai da ka haura 40, don Allah ka je a auna maka, haka Kawu da 'yan'uwanmu mata. Ni yanzu kullum da dare ina ɗiga magani, kuma an ce ba a dainawa.

Sai maganar Baba, wadda ita ta fi hana ni barci. Inna ta ce min yanzu sai ya ji murya yake gane mutum, ya ajiye Alƙur'aninsa, yana cewa komai kamar hazo yake gani, kuma ƙwayar idon ta yi fari. Wannan ya yi kama da yanar ido, kodayake likita ne zai tabbatar. Idan ita ce mun gode Allah, domin tana da magani. Ita ta fi makantar da mutane a Najeriya, amma aikinta bai cika wuce rabin awa ba. Allurar kashe zafi ake yi, mutum yana farke, a cire abin da ya dushe a saka wani na roba mai haske a gurbinsa. Washegari a buɗe bandeji. Ido ɗaya ake fara yi, ɗayan daga baya. Ba sai an jira ta rufe ido ruf ba kamar yadda ake faɗa a da.

Na ji kuma an ce mai aikin idon gargajiyan nan mai zuwa ranar kasuwa ya yi wa Baba tayin aiki a gida. Baba, ina roƙonku da girman Allah kada ku yarda. Ba cire yanar yake yi ba, da tsinke yake tura ta cikin ido. Kwana kaɗan mutum ya ga haske ya yi murna, daga nan ciwo da kumburi su biyo. Kun ga yadda ta ƙare da maƙwabcinmu mai goro, idon ya mutu, asibiti ma suka ce ba abin da za su iya. Daga Ringim zuwa Kano ba nisa. Akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, akwai asibitin ido na Makka da ke cikin Kano, akwai na Malam Aminu Kano. Ku yi sammako ku sami layi. Ku tafi da Inna, tunda tana da suga ya kamata a riƙa duba mata cikin ido duk shekara, ko ba ta jin komai.

Gwaggo fa, har yanzu tana tsige gashin ido da hantsaki? Wannan aikin amodari ne, fatar idon ce ta lanƙwashe ciki, gashin yana gogar ƙwayar ido har ya yi mata tabo. Ƙaramin aiki ake yi a gyara fatar. Yara kuma a riƙa wanke musu fuska safe da yamma saboda ƙuda, in an zo rabon maganin amodari a karɓa, kowace mace ta riƙe tsinken kwallinta. In idon yaro ya yi ja, kada a ɗiga masa nono ko ruwan ganye, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, don wasu suna ƙara ƙarfin ruwan ido.

Na turo kuɗin mota da na kati da na magani ta asusunka. In sun faɗi kuɗin aikin ka kira ni ko tsakar dare ne, zan cika. Kada a sayar da tunkiyar Inna.

Ka gaishe min da Baba da Inna da kyau, su sa ni a addu'a. A gaida Liman da mutanen majalisa. Ina jiran jin ranar da kuka tsayar.

Wassalam,
Ƙaninka